Kuncin Nezahat

A Bursa, gindin dutsen da ƙanƙara ba ta saki sai bazara,
na riƙo hannun kakata Nezahat
muka hau matakalar tsohuwar kasuwar siliki,
tana sayen kowane taki da numfashi,
tana zagin gwiwarta kamar ta ci mata bashi.

Shekara talatin da takwas ta yi a bakin tukunya,
tana tsamo gidan tsutsa daga tafasasshen ruwa,
ta lalubo bakin zare da yatsa,
ta miƙa wa ƙarfe, ƙarfe ya naɗe,
a ɗaure, a kai wa manya a Istanbul.
Ita kuwa ta koma gida ta kwanta kan auduga mai kaushi.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Albashina na farko na cikin jaka.
Na rantse yau sai ta kwana kan abin da ta yi wa bauta.

Rustem mai shago ya aiki yaro ya kawo shayi
a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu,
ya warware bandir biyu a kan tebur.
Na farko ya cafe hasken fitila ya watso mana a ido.
"Satin ke nan," in ji shi,
"ba ya tsoron injin wanki,
kuɗin ɗaya na can ya sayi biyar na nan."
Na biyu bai ɗaga murya ba.
Haskensa a ciki yake,
irin na madara a kofi kafin gari ya waye.

Ni dai idona ya bi mai walƙiya.
Kaka ta ja tsaki.
"Satin ba zare ba ne, yarinya, salon saƙa ne.
Tambaye shi me aka saƙa."
Ba ta jira amsa ba.
Ta zaro sili daga gefen kowanne, ta ce a ba ta ashana.
Ɗaya ya narke, ya dunƙule kamar kashin ɓera, yana warin leda.
Ɗayan ya zama toka, ya bar ƙaurin gashi.
"Kin ji? Wannan ya taɓa yin rai.
Wancan kuwa zai ajiye miki guminki a watan Agusta,
ya sulale daga katifa kafin a kira asuba."

Sai ta shimfiɗa tafin hannu a kan silikin.

Ya yi ƙara, 'yar ƙara,
kamar kyanwa ta taka takarda.
Fatar da ruwan zafi ya daɗe yana dafawa
ta kama zare guda, ta finciko shi tsaye.
Rustem ya mai da ido kan shayinsa.
Ta janye hannun, ta tura shi ƙarƙashin mayafi
kamar yaron da ya fasa kofi gidan mutane.

"Bai gane ni ba," in ji ta,
ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Na ce a yanko zanin gado, ko nawa ne.
Ta ce a'a.
"Diddigena zai cinye shi kafin sanyi ya shigo.
Yanko mini na rigar filo guda,
daga nan, inda na ɓata.
Kuncina bai yi aikin tukunya ba.
Ke kuma sayi satin ɗinki,
ki yi sati kina zamewa, za ki koya."

Da dare na leƙa ɗakinta.
Tsohon zanin auduga na nan, da facinsa biyu.
Kuncinta na kan siliki, bakinta a ɗan buɗe,
hannayenta duka biyu a ƙirji, a dunƙule,
nesa da filon,
kada su tashe shi.