Gurbin Adireshi

Ran Laraba muke awo a Argungu,
zauren Arzika tela, bayan tasha.
Ni ke riƙe da littafin ƙungiya:
suna, yawan baki, sai adireshi.

Tumba ta zo, zanenta na warin laka.
Baki nawa? Shida.
Ta yi jim. Biyar.
Na goge da yawu, takarda ta huje.

Ina kike zaune?
"Da, gidan nan mai tsamiya, gab da fadama.
Yanzu tarwaɗa ke haya a can.
Rubuta aji uku, firamare,
gindin allo, kafin a koma karatu."

Bara ita ta aiko mana buhu guda,
sabuwar shinkafa, ko roƙo ba mu yi ba.
Yau tiya biyu, tabarma, sabulu,
kuɗin ɗaki kuwa ba su haɗu ba tukuna.

Ta ɗaure ƙullinta, ta sake kwancewa,
ta ɗebi tafi guda ta mayar buhu.
"Na wanda ke bayana."

Arzika bai daina taka kekensa ba.
Ni kuma gurbin nan na bar shi fari,
sai ruwa ya janye.