Kwano Ɗaya

Ni Dinatu, 'yar Ushe ta Dabai,
mai dawa da gero a kasuwar Zuru,
rumfa ta uku daga layin masu manja.
Ban iya wa'azi ba.
Karatuna ma sai da tabarau, sai da yatsa,
ina haɗa baƙi da baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Uwata ta bar mini kwano biyu.
Ɗaya mai faɗin ciki, na saye,
ɗaya an bubbuge masa gindi da taɓarya, na sayarwa.
Ta ce, "Haka kowa yake yi, 'yata,
kasuwa ba majami'a ba ce."
Shekara goma sha ɗaya ina awo da su,
ran Lahadi kuma in ɗaura farin kallabi,
muryata ta fi ta kowa tashi a zumuntar mata.

Wata Laraba, a addu'ar yamma,
wuta ta ɗauke, aka kunna fitila,
Baba Yohanna Senchi ya buɗe Littafi
daidai inda ake maganar ma'auni.
Bai dube ni ba. Bai san zancen kwanona ba.
Ni dai na ji kamar an zare mini zani a tsakar kasuwa.

Na kai ƙaramin gida.
Yanzu kaji ke shan ruwa a ciki.

Kada ki zaci daga nan aka gama, 'yar'uwa.
Tuba ta ɗauke ni dare ɗaya,
biyayya kuwa sharar tsakar gida ce:
ki share da asuba, kafin la'asar ganye ya zubo.
Babban yatsana bai manta tsohuwar hanya ba,
yadda ake rage tozon dawa a sace
in mai saye ya sunkuya yana ƙirga canji.
Kullum sai na ce masa, "Kwanta."
Yakan kwanta.
Talatar da ta wuce bai kwanta ba.
Na bi yaron har tashar motar Ribah,
dawa a haɓar zani, ina haki,
ya karɓa yana dubana kamar wadda ta zautu.

Riba ta ragu, ba zan ɓoye miki ba.
Kuɗin makarantar Afiniki sau biyu yana makara.
Maigidana ya ce, "Gaskiyarki za mu dafa?"
Ban amsa ba, don bakin ma yana cikin abin da aka ce in tsare,
kuma shi ya fi yatsan taurin kai.

Ga kuma Keziya, mai tiya uku tun bara,
ba ta biya ba, ta ƙara mini da habaici a bakin rijiya.
Na wuni ina dafa amsa, na sa mata barkono, na sa mata kanwa,
har rana ta fara sauka bayan dutse.
Na san abin da aka rubuta kan rana da fushi.
Na tsaya a ƙofarta, ƙafata kamar an ɗaura mata turmi,
na ce, "Ina wuni."
Iyakar abin da na iya ke nan. Shi na kai.

Jiya Inna Hassu mai kuka da daddawa,
tana shimfiɗa darduma a bayan rumfarta,
na ji ta ce wa wata baƙuwa,
"Je wurin waccan, kwanonta ɗaya ne."
Daɗi ya kama ni, sai na ga
shi ma daɗin yana son ya yi tozo.

Ya Ubangiji, dare ya yi.
Na wanke kwanon, na kife shi a kan buhu.
Abin da na cika yau, Ka gani,
inda na gaza ma Ka gani.
Gobe kasuwa ce.
Ka tashe ni kafin yatsana ya tashi.