Shagon Kwafi a Bakin Sakatariya

Shekara goma sha ɗaya ina nan,
ni da injin nan mai kakari kamar tsoho,
ƙarƙashin dalbejiya, daura da ƙofar Sakatariya.
Mai neman aikin gwamnati a Kaduna
da wuya bai biyo ta hannuna ba.
Na san mutane ta hoton fasfo,
na san shekarun da aka rage da biro.

Ran da Balaraba ta fara zuwa, ruwan Agusta ake yi.
Ta zaro takardunta daga ledar burodi
a hankali, kamar mai ɗaga jariri.
'Yar Kakuri ce. Ubanta masaƙa ya yi wa bauta
har masaƙar ta mutu, ta bar masa tari da katin shaida.
"Bibbiyu ake so," ta ce, "amma kuɗin ɗaiɗai gare ni."
Na buga mata uku-uku.

Gurbi arba'in aka tallata,
layi ya miƙe har ya sha kwana a bakin titi.
Wasu da wasiƙar wani babba a aljihu,
ita da lambar jarrabawa a tafin hannu.
Sau biyu sunanta bai fito ba.
A na uku ya fito, can ƙasa,
inda ƙusa ta huda takardar a jikin allo.

Akawu, mataki na huɗu.
Ta koyi inda fayil ke kwana,
da wanda ke kwanciya a kansa kamar kaza,
da yadda famfo ke ambaliya a takarda
alhali a layinsu jarka ake jerawa tun asuba.

Bara ta dawo, babu leda.
Hoto ɗaya ta miƙo: mayafi ruwan ƙasa, ba murmushi.
"Fosta nake so. Kansila."
Na ce, aikin fa?
Ta ce, "Na ajiye jiya, haka doka ta ce."
Na ce, fanshon fa?
Ta dubi injin, ba ta dube ni ba.

Daga nan labari ya riƙa iso ni a gutsure.
An sa taron jam'iyya sha biyun dare,
ta je da yayanta da tocila, ta zauna a gaba.
Aka ce, ke 'yar ina ce ma?
Mazaɓar ubanta ta ce ai ta yi aure ta tafi,
ta mijinta ta ce ai baƙuwa ce.
Ta zo na sake buga mata takardar haihuwa,
waccan dai ta ranar ruwa,
ta ce, "Cibiyata na Kakuri, su je su tono."
Aka ce ta karɓi shugabar mata,
akwai atamfa, akwai shinkafar rabo.
Ta ce ta gode, ba guɗa ta zo yi ba.

Matan adashe suka sayi fom,
mai ƙosai ta ba da ɗari biyar mai ƙanshin mai.
Ran fidda gwani, wakilai ashirin da bakwai.
Ta samu goma sha ɗaya.
Biyu cikin waɗanda suka rantse mata da safe
da yamma an gan su kan sababbin babura.

Jiya ta biyo bayan la'asar,
ta ƙirga mini ragowar bashin fosta, ba ragi.
A bayanta 'yan mata biyu, Kasham da Hansatu,
kowace rungume da leda.
An sake tallata gurbi.
"Buga musu bibbiyu," ta ce,
"kuma kada ka goge hoton nan a kwamfuta.
Shekarar kawai za a canza."

Kafin in amsa aka ɗauke wuta.
Na tashi, na naɗe hannun riga,
na ja igiyar janareta.