Baƙin Allo a Bayan Tashar Kawo

Goggo Asabe ta iso da laima a hammata,
ruwan Agusta na ɗiga daga bakin mayafinta.
Ta ajiye filashi a teburina kamar goron gaisuwa.
Hoto ɗari uku da sha ɗaya, in ji ta,
takardun 'yan fanshon ƙungiyarsu ne,
ofis ya ce ba ya karɓar hoto, sai PDF,
kuma ran Litinin za a rufe.

Na ce kawo in yi miki.
Ta ce a'a, Dantala, baɗi ma za su nema,
kai kuwa wa ya san inda baɗi za ta same ka?

Sai na buɗe mata baƙin allo.
Ba kibiya, ba hoto, ba wurin dannawa,
ɗan farin kara kaɗai ke ƙyafta ido
kamar maigadi mai jiran ka faɗi wurin wa ka zo.
Ta janye hannu. Wannan ai rijiya ce.
Na ce rijiya ce, Goggo, amma ga guga.

Ki tambaye shi ina muke. Ya faɗa.
Ki ce ya shiga folda. Ya shiga.
Ki ce ya kira sunan duk wanda ke ɗakin.
Sunaye suka zubo, layi bisa layi,
ta bi su da leɓe, ta san gidan kowa.

Kafin mu taɓa komai, mu yi kwafi, na ce.
Ta yi dariya: kabon ke nan.
Mu da kabon muka ci tuwo.

Lokacin na lura da yatsunta.
Shekara ashirin da tara a Sakateriya kan tafireta,
ba ta kallon maɓalli,
idonta na allo, bayanta a miƙe,
ƙarar bugunta na gasa da ruwa a kan kwano.

Muka gwada ɗaya.
Sunan manhaja, sunan hoto, sunan da muke so ya koma.
Allo ya ce babu wannan fayil.
Na karɓa na buga. Babu.
Na sake, har da gumi, ina zargin filashi,
ina zargin wanda ya ɗauki hoton.
Ta gyara tabarau, ta sa farce a gilas:
Saratu Bako. Ka ga tazara a tsakani?
Ya ɗauka mutum biyu ne, kowacce yana nema dabam.

Ni da nake karɓar kuɗin koyarwa.
Na sa alamar zance gaba da baya, ban ce uffan ba.

Ta danna. Karan ya sauko layi, ya tsaya.
Bai ce komai ba, Dantala.
Shirunsa shi ne na'am, Goggo.
Ta jinjina kai. Ta yi wani Babban Sakatare haka,
waƙafi ɗaya ya sa a sake wasiƙa shafi huɗu,
ranar da ka yi daidai kuwa, ko tari.

Na nuna mata tauraro,
ɗan alamar da ke nufin kowa da kowa.
Ta buga da kanta, ta karanta sau biyu, ta saki.
Wajen na ɗari biyu aka ɗauke wuta.
Na fita cikin ruwa ina jan igiyar janareta,
na dawo na tarar ta kunna, ta koma folda,
ta ci gaba daga kan Yohanna Gambo.

Da la'asar aka gama.
Ta kwafe umarnin a bayan littafin adashi,
ɗigo a wurin ɗigo, tazara ta ja mata layi.
Ta biya kuɗin awa uku, ta ƙi ragi.
A bakin ƙofa tana kokawa da laima ta juyo:
Ran Juma'a zan zo da Larai.
Ka ba mu kujera biyu kawai, ni zan nuna mata.