Hamsin Ba Ɗaya

Babana, Gideon Swanepoel, bai yarda da harsashin kanti ba.
Cewa yake, wanda bai auna da hannunsa ba
kada ya ɗora wa iska laifi in ya kuskure.
A ɗakin ƙasa na gidan gonarmu a Karoo,
inda tumaki suka fi mutane yawa,
yakan zauna gaban ɗan ma'auni irin na maƙerin zinariya,
yana ɗura albarushi a kwanson tagulla.
Ba taba, ba rediyo, ba hira.

Ni aikina rubutu.
"Annelie, sa rana, sa wata, sa shekara.
Da fensir. Tawada ba ta jure gumi."

Maƙiya biyu ne, in ji shi.
Laima ɓarauniya ce, ba ta sallama,
sai ka buɗe ka tarar kore ya hau tagulla.
Rana kuwa mai zuga ce:
harsashin da ya kwana lafiya cikin sanyi,
bar shi ya wuni a but ɗin mota,
zai fita a fusace
ya wuce inda aka aike shi.

Shi ya sa akwatin ƙarfe, mai roba a bakin murfi,
da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi,
a kan kanta, ba a ƙasa ba,
kwaɗo biyu,
makulli a wuyansa har wurin barci.

A watan Yuni hannunsa ya fara rawa.
Ina birni lokacin, ina cewa gobe zan zo, jibi zan zo.
A watan Agusta muka rufe shi.

Yau ga ni a hanyar Bloemfontein tun asuba,
bindiga a kulle a gidanta, can baya,
akwatuna biyu a ƙasan kujera, cikin bargon ulu,
nawa da nasa.
Kowane harsashi a raminsa, kai a sama,
kada wani ya goge wani.
Inda kwalta ta ƙare gargada ta karɓa
na sassauta,
kamar mai kai ƙwai kasuwa a kan jaki.

A shingen Colesberg ɗan sanda ya duba lasisi,
ya ɗaga murfi, ya matso da ido.
"Wa ya rubuta wannan?"
Haruffa sun karkace kamar shingen da rago ya tunkuya.
Ban amsa da wuri ba.

Filin gasa. Tutoci suna gaya wa kowa sirrin iska.
Na shimfiɗa tabarma, na jiƙa tawul,
na yi wa akwatuna inuwa kafin in yi wa kaina.
Tsoho Lefa Mohapi, wanda ya shekara talatin
yana kwanciya a layi ɗaya da babana,
ya tsuguna, ya ƙirga da ɗan yatsa.
Hamsin ba ɗaya.
Ramin ƙarshe kwanso ne kawai, wayam.

"Kin ga lokacin da ya auna su?"
Na ce a'a.
Bai ƙara ba. Ya tashi, gwiwarsa tana ƙara.

Dokar ba tawa ba ce, tasa ce:
abin da ba ka ga awonsa ba,
kada ka kai shi kusa da fuskarka,
ko na uban wa ne.
Na mayar da murfi. Na jawo nawa.

Na zo ta goma sha bakwai.
Iska ba ta da laifi.

Da yamma na naɗe su a bargo kamar yadda suka zo,
awa shida, gargada, ƙofar gona, matakala tara zuwa ƙasa.
Na canza ƙullin danshi.
Na ɗauki fensir,
a ƙarƙashin rubutunsa na sa rana, na sa wata,
na tsaya.
Makulli yana da sanyi a wuya.
Ban taɓa sani ba.