Hannun Hagun Kaka

Zloti ɗari da ashirin na biya,
har da kuɗin kawowa.
Kwalin ya iso Lodz a lotse,
maɓallai sittin da ɗaya a ciki,
da 'yar takarda mai adireshin manhaja.

Kakana Bogumil ya shekara talatin yana dukan tafireta
a ofishin masaƙa, kafin a sa mata kwaɗo.
Tun watan Maris hannunsa na dama
yake kwance a cinyarsa kamar na aro.
Baki ma ya karkace,
kalma sai ta fito tana ɗingishi.

Manhajar kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta.
Rabinta Sinanci, rabi wani Turanci
da ko masu shi ba za su shaida shi ba.
Na danna abin da na zaci adanawa ne,
sai fitilu suka ɓarke, ja da kore da shuɗi,
suna tsere a ƙarƙashin haruffa.
Kaka ya yi dariya da rabin fuska.
Rabona da jin ta tun kafin asibiti.

Sau huɗu na zare waya na mayar.
A na biyar suka gane juna.

Ashe allon bene ne.
Na riƙa kwaso haruffan dama ɗaya bayan ɗaya
ina kai su hawan sama na hagu:
J a kan F, K a kan D, L a kan S.
Babban yatsa ya danne dogon maɓallin ƙasa,
sai ƙofar sama ta buɗe,
yatsu huɗu su yi aikin takwas.
Harafin nan namu mai sanda a ƙugu,
wanda sunan garinmu ya fara da shi,
manhajar ba ta san da zamansa ba.
Sai da na raba dare kafin na samo masa ɗaki.

Kwana tara yana zagin allon.
Ya ture shi, ya jawo shi,
ya cika shafi da abin da ba yare ba.

A dare na goma na ji ta bango:
ƙas... ƙas... ƙas-ƙas-ƙas,
har Wieslawa ta hawan ƙasa ta daki bututun ruwa da cokali.
Bai fasa ba.
Taragon farko ya wuce, bai fasa ba.

Da safe na tarar da shi yana barci a kujera,
kwamfuta a kunne, layi biyu:
"Jagoda, ba nan waƙafi yake zama ba. Gyara.
Kuma miyar jiya babu gishiri."

Na gyara.

Bara na nemi shafin kamfanin, babu shi babu dalilinsa.
Manhajar tana nan a filas,
cikin gwangwanin shayi, tare da lambar yabonsa ta masaƙa.
Ya hana kowa kashe fitilun.