Wankin Kuza

Kakana Ilu a Gangare ya tsufa,
kwano a hannu, ƙafa cikin laka tun asuba.
Wata ran a auna masa sule biyu,
wata ran ya koma gida da sanyi kaɗai a ƙirji.
Bai taɓa ce wa kakata "gobe akwai" ba,
sai dai, "Mu ga abin da ƙasa za ta ce." Haka wankin kuza.

Ni jikansa, ga ni a bene, titin Bauchi,
ɗaki ɗaya, kujera uku:
ni, da Kangyang mai riƙon lissafi,
da Tasi'u da ya gina shafin da rancen yayarsa.
Gwanjo muke, ba ƙararrawa, ba dillali mai kururuwa,
agogo ne ɗan mitsitsi a kusurwar waya,
yana cin daƙiƙu yana cewa: maza, maza.

A watan Maris mun sayar da tarakta
ta wani manomin dankali daga Bokkos.
Mutum sha ɗaya suna tayi har ƙarfe biyun dare,
kowa na ɗora dubu hamsin a kan na ɗan'uwansa.
La'adarmu ta biya haya, ta sayi janareta,
Tasi'u har ya je tambayar ofis a Rayfield,
daren nan a Terminus muka ci gasasshiyar kaza.

Afrilu ya zo da keken ɗinki biyu
da firji mai tari kamar tsoho.
Shi ke nan.
Na ƙirga ribar sau uku, ta biya kuɗin data ma ta gaza.

Sai wanda ya ci gwanjon babur ya kashe wayarsa.
Sai wanda ya turo alat, banki ya ce bai san zancen ba.
Sai wasu biyu da suka san juna a shafinmu
suka haɗu bayan kasuwar Katako, suka tafa.
Mu muka ɗaura aure, wasu suka ci gara,
hannunmu wayam, sai ido da muka murza.

Masu ajiye mana shafi dala suke karɓa,
mu kuma naira muke tarawa, ɗiban ruwa da kwando.
Ran da aka sa dokar hana fita
kaya suka kwana huɗu a tasha.
Mai saye a Kaduna ya rubuta "'yan damfara" ƙarƙashin sunanmu,
kafin mu ba shi amsa, ɗari sun ɗauka sun baza.

Jiya wani mai kuɗi ya taso daga Abuja,
takalminsa bai san jar ƙasa ba.
Ya ce, "Nawa za ku samu baɗi war haka?"
Kangyang ta juya masa littafin:
tudu, kwari, tudu, rami, sai ka ce duwatsun Shere.
Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗi adadi na yi ƙarya.
An ce ma wani babban kamfani na tafe daga Legas,
shi kada ne, mu ko guza."
Ya sha rabin shayinsa, ya ce za mu ji shi ranar kaza.

Yanzu sha biyu saura. Ruwa na dukan kwano.
Wata da ta fita takaba a Bukuru
ta sa injin markaɗen mijinta.
Saura minti tara, tayi ɗaya tak.
Ta kira ni sau biyu: "Ɗana, yaya ake ciki?"
Na ce, "Mama, mu ga abin da dare zai ce."
Sai na ji muryar Ilu a bakina.

Lamba ta motsa. Ta tsaya. Sabis ya ɗauke.
Na miƙe, na ɗaga wayar wajen taga,
ina karkaɗa ta a hankali, kamar kwanon kuza.